Wai sata ce: amsa ga masu raina ginin Gotik

Tun daga ranar 15 ga Afirilu 2019, da wuta ta cinye rufin babbar majami'ar Notre-Dame ta Paris, wata magana ta samu gindin zama a bakin ƴan bokonmu, kuma ta ƙara ƙarfi bayan an sake buɗe ginin a ranar 7 ga Disamba 2024. Maganar ita ce wai wannan salon gini da Turawa ke taƙama da shi, wanda suke kira Gotik, sata ce daga Musulmi. Wai mayaƙan giciye ne suka gano shi a Sham da Masar, suka kwaso, suka sauya masa suna. Ana faɗinta a fada, ana faɗinta a ɗakin malamai, yanzu har ta fara leƙawa cikin aji. Tana da daɗin ji, balle a wannan zamani da dangantakarmu da Faransa ta yi tsami. Amma ni a ganina ɗalibanmu take cuta, Faransa kuwa ko a jikinta.

Mu fara ba masu wannan magana haƙƙinsu, domin ba daga iska suka tsinto ta ba. Baka mai tsini, wato bakan da gefunansa biyu ke haɗuwa a sama kamar bakin mashi, ya girmi Gotik nesa ba kusa ba. Yana nan cikin rijiyar awon ruwan Nilu da aka gina a tsibirin Rauda a shekarar 861, yana nan jere reras a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira wanda aka gama a 879. Rufi mai haƙarƙari na dutse kuma, ga shi can a ƙubbobin da halifa Alhakam na biyu ya sa aka ɗora gaban mihirabin masallacin Kurɗuba cikin shekarun 960. Masana da dama suna ganin cewa fataken birnin Amalfi na Italiya, masu ciniki da Masar, su ne suka kai bakan nan gidan ruhubanawa na Monte Kasino, daga can ya haura zuwa Kuluni a ƙasar Faransa. Shi kansa Christopher Wren, maginin da ya sake gina babbar majami'ar Landan bayan gobarar 1666, ya ce da an yi adalci da an kira salon da sunan Sarasinawa, sunan da Turawan da ke kiran Musulmi da shi. Littattafan da aka karantar da mu da su a lakwal sun yi shiru a kan duk wannan, suka nuna mana Gotik kamar daga kan shugaban ruhubanawa Suger ya tsiro a dare ɗaya. Wannan shiru laifi ne, kuma ya cancanci a tona shi.

To, amma gyaran ƙarya da wata ƙarya ba gyara ba ne. Da farko dai lissafin shekaru bai yarda da labarin mayaƙan giciye ba. An buɗe sabon ginin Monte Kasino a 1071, an aza harsashin babbar majami'ar Kuluni a 1088, na Duram ta Ingila a 1093, alhali Paparoma bai yi kiran yaƙin farko ba sai 1095, Ƙudus kuwa ba ta faɗa hannunsu ba sai 1099. Hanyar da dabarar ta biyo ta ƴan kasuwa ce da mahajjata da magina masu yawon neman aiki, kuma abin da ya biyo hanyar kasuwa sunansa aro ko koyo.

In kuwa aka nace cewa duk aro sata ne, sai a shirya karɓar hukuncin har ƙarshensa. Baka mai ɗan tsini yana nan a fadar Ƙasar Ibn Wardan ta Sham, wadda Rumawa suka gina a ƙarni na 6, kafin Hijira. Ƙubbar Sahara ta Ƙudus, wadda aka gama wajen 691, da masallacin Dimashƙa, dukansu sun ɗauki fasali da adon duwatsu masu ƙyalli daga hannun ma'aikatan da suka koyi sana'a a ƙarƙashin Rumawa. Ginshiƙan farko na masallacin Kurɗuba daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da Gotawa aka ciro su. Takarda daga Sin ta zo Bagadaza, alƙaluman lissafi daga Indiya. Wa zai yarda a ce magabatan nan ɓarayi ne? Girmansu shi ne sun karɓa, sun sarrafa, sun fitar da abin da babu shi a da. Ma'aunin da muka auna su da shi, da shi za mu auna maginan Faransa, in dai adalci muke nema.

Me su kuma suka fitar? Wannan ita ce tambayar da masu cewa sata ba su taɓa tsayawa a kanta ba. Bakan da Turawa suka gada daga Rum rabin da'ira ne: tsayinsa dole rabin faɗinsa, kuma yana tura bango waje da ƙarfi, shi ya sa tsofaffin majami'u suke da kaurin bango, da ƙananan tagogi, da duhu. Baka mai tsini kuwa ana iya ɗaga shi yadda aka so, turinsa ya fi yin ƙasa. Sai magina suka haɗa shi da haƙarƙari masu gicciye juna, waɗanda ke tattara nauyin rufi su sauke shi a kan ginshiƙai huɗu. Sauran turin da ya rage, suka tare shi da dogari mai tsallake, wato rabin baka na dutse da ke tsaye a waje, yana tokare ginin daga nesa kamar mutum ya miƙa hannu ya dafa bango. Da waɗannan uku suka haɗu, bango ya huta da ɗaukar kaya, aka fasa shi aka zuba gilashi mai launi. An fara ganin haka sosai a Saint-Denis, kusa da Paris, inda aka keɓe sabon sashen gabas a ranar 11 ga Yuni 1144. A Sainte-Chapelle, wadda aka gama a 1248, kusan babu sauran bango: tagogi 15 ne manya, kowace tsayinta kamar mita 15.

Masallaci bai nemi wannan ba, kuma ba gazawa ce ta hana shi ba. Sallah sahu take so, sahu kuwa faɗi yake so. Saboda haka masallacin Ibn Tulun shimfiɗaɗɗen rufin katako gare shi bisa bakunansa, na Kurɗuba kuma daji ne na ginshiƙai sama da 850. Majami'a kuwa tsawo take so da tsayi, domin jerin gwano daga ƙofa zuwa bagade. Buƙata daban, amsa daban, ko da kayan aikin sun yi tarayya.

Akwai wata shaida da ta fi ƙarfin gardama, ita ce faɗuwa. Rufin Notre-Dame, wadda aka fara a 1163, ya kai kimanin mita 33 daga ƙasa. Chartres, da aka sake ginawa bayan gobarar 1194, ta kai 37. Reims ta kai 38, Amiens 42. Mutanen Beauvais suka ce sai sun wuce kowa, suka kai 48. A shekarar 1284 wani sashen rufin ya rubzo. Suka ƙara ginshiƙai suka gyara, daga baya suka ɗora hasumiya mai mita 153, ita ma ta zube a 1573, kuma har yau ba a ƙarasa ginin ba. Mai kwafar abin da aka gama ba ya irin wannan faɗuwa. Wannan faɗuwar mai gwaji ce, wanda yake taka inda ba a taɓa takawa ba, ba tare da lissafin injiniyoyin yau ba, sai igiya da ma'auni da abin da idonsa ya gani a ginin da ya gabata. Binciken da aka buga a 2023, bayan gobara ta tona cikin ginin, ya nuna cewa tun shekarun 1160 maginan Notre-Dame suke ɗaure duwatsunsu da manyan ƙusoshin ƙarfe.

Su wa kalmar sata take shafewa? Ba sarakunan Faransa ba, ba kuma gwamnonin mulkin mallaka da suka zo bayan shekara 700 ba. Masu sassaƙar dutse take shafewa, da kafintoci, da maƙera, da masu dafa gilashi. Robert de Luzarches wanda ya zana Amiens. Guillaume na Sens wanda aka kira Kantabari bayan gobarar 1174, ya faɗo daga kan dandamalin aiki ya nakasa. Villard de Honnecourt wanda ya bar littafin zane mai ganye 33. A tagogin Chartres, can ƙasa, ana ganin hoton mahauta da masu gashin burodi da baduku da ƴan ga-ruwa, kowa a bakin sana'arsa. Ba kuma duka da son rai aka biya ba: a 1233 mutanen Reims sun yi wa babban limaminsu bore, aikin ya tsaya shekaru. Talakawa ne irin iyayenmu. Abin mamaki ma, sunan Gotik zagi ne: Italiyawan ƙarni na 16, irin su Vasari, su suka jingina ginin ga Gotawan da suka washe Rum a 410, don su ce aikin jahilai ne. Yau mu ma mun ɗauki sandar Vasari, mun sauya kalmar zagin kawai.

A 2020 wata marubuciya ƴar Ingila, Diana Darke, ta fitar da littafi a kan bashin da ginin Turai ke ɗauke da shi na Gabas, ta sa kalmar sata a sunansa da gangan, don tsokana. Abin da ke ciki labarin cuɗanya ne da musaya. Da yawa daga masu kafa hujja da shi a nan, a bangon littafin suka tsaya.

Sa'an nan, idan muka ce daga gare mu aka sata, su wane ne mu? Addini ya haɗa mu da Ibn Tulun, amma ba kakanninmu suka ɗora tubalinsa ba, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Muna da namu, wanda bai kamata ya ji kunyar kowa ba. Maginan ƙasar Hausa sun ƙirƙiro bakan gizo na ƙasa da azara, suna gicciya shi su ɗora ɗaurin guga a kai, ba tare da sun ga Chartres ko Kurɗuba ba. Babban Gwani ya nuna iyakarsa a masallacin Zariya cikin ƙarni na 19; Falke Barmu ya nuna a masallacin Yama na jihar Tawa, har aka ba ginin kyautar Aga Khan a 1986. Me ya samu wannan gado? A watan Agusta 2023 wani sashen masallacin Zariya ya faɗa kan masallata, aka yi asarar rayuka. A ranar 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram. Bayan wata 3 Paris ta buɗe Notre-Dame.

Za a ce kuɗi ne, kuma gaskiya ne an tara yuro miliyan 846, wato kimanin miliyar 555 na sefa. Amma kuɗi bai iya riƙe gatari. An sake sassaƙa rufin itacen da hannu, kamar yadda aka yi a ƙarni na 13, saboda an samu kafintocin da sana'ar ba ta mutu a hannunsu ba, da zane-zane da awon da aka adana na kowane lungu. Yara nawa ne yau suke bin Sarkin Magina don su koyi ɗaurin azara? A wace lise ake zana bakan gizo a allo?

Ɗalibin da aka ce masa sata ce, an rufe masa ƙofar tambaya: ba zai nemi sanin yadda dutse ke tsayawa a mita 42 ba, ba kuma zai nemi sanin yadda ƙasa ke tsayawa bisa azara ba, tun da an ba shi abin taƙama a kyauta. Abin da nake roƙon ƴan'uwana malamai, na Faransanci da na Hausa da na tarihi, shi ne mu karantar da sarƙar gaba ɗayanta, daga Sham zuwa Alƙahira, daga Amalfi zuwa Amiens, da shekarunta da sunayen mutanenta. Bayan haka mu fita da yara daga aji, mu kai su Yama ko Birni, da igiyar awo da takarda, a tare da tsohon magini mai yi musu bayani, tun yana da rai.