Mai shara ba bawan gidanku ba ne

Makon jiya wani malamin da aka ɗauko daga Abuja ya koyar da matasa rubuta manhaja a Zariya ya buɗe aikin ɗan ƙanwata, ya goge masa sashe guda, ya ce wai ajiye abu a sake amfani da shi tsohon yayi ne. A ƙirƙiro, a yi amfani, a yar, mai kwashe shara na Java zai bi baya ya share. 'Yan aji suka tafa.

Yaron nan daga Hunkuyi yake. Manhajarsa ta dillalan tumatir ce: a ɗauki hoton kwando, a rubuta farashi, a tura wa mai saye. Malamin ya gwada ta a wayarsa da kuɗinta ya fi na babur, ta tafi sumul. To wa ya gaya masa irin wannan wayar ce a aljihun dillalin Ikara ko mai lodin rake a Makarfi? Itel ce ko Tecno, mai gigabait ɗaya ko biyu, fuska a tsage, WhatsApp da Facebook sun riga sun cinye rabin wurin.

Lissafin ba shi da wuya. Hoto mai ɗigo 4000 a tsaye, 3000 a kwance, kowane ɗigo bait 4, idan aka warware shi a ƙwaƙwalwar waya ya kai megabait 48. Ko an rage girmansa, jerin hotuna ne ke wucewa ƙarƙashin babban yatsa, kuma wayar tana da kusan milisakan 16 kacal ta zana kowane allo. Idan kowane hoto sai an yanka masa sabon wuri an yar da tsohon, mai shara ba zai huta ba, allo ya riƙa sarƙewa, dillali ya ce manhajar tana da aljanu ya goge ta. Yaron sai ya yi dabarar mai shayi: kofuna kaɗan, a sha, a ɗauraye, a miƙa wa na gaba.

Na san littafin da malamin ya haddace. Tun 2005 Brian Goetz ya rubuta cewa ƙirƙirar ƙananan abubuwa a Java ta yi arha, Joshua Bloch ma ya yi gargaɗi a kan tara su. Amma su suna maganar manyan kwamfutoci ne masu faɗin wuri, kuma ko Bloch ya ware abubuwa masu nauyi. A shekarar 2005 ɗin nan Matthew Hertz da Emery Berger suka auna: mai shara yana kamo mai sarrafa wuri da hannu ne idan an ba shi ninki biyar na wurin da aikin ke buƙata, idan kuwa ninki biyu ne, tafiyar takan ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Wannan shafin ba a kai shi Abuja ba, ga alama.

Abin dariyar, Android ɗin da yake koyarwa kanta da kofunan mai shayi aka gina ta. Saƙonnin cikinta daga rumbu ake aro su da Message.obtain, a mayar. RecyclerView sunansa ma ya tona asirinsa. Glide, da kowa ke loda hoto da shi, yana da rumbun hotuna. Harshen Go ma ya samu sync.Pool a 2014. Injiniyoyin Google su yi, a kira shi ƙwarewa. Ɗan Hunkuyi ya yi, a kira shi ƙauyanci.

Za su ce kofin da ba a wanke ba yana kai wa mutum ragowar shayin wani, wato bayanan farko su maƙale a abin da aka mayar. To a wanke mana. Za su ce masu sharar zamani irin ZGC ba sa tsayar da aiki ko na milisakan ɗaya. Madalla, sai su sa ZGC a cikin Itel mu gani.

Ni dai ban yi mamaki ba. Shekaru da suka wuce, a wani zaman gyara manhajar karatu, na nace a fara koya wa ɗalibai harshen C, su nemi wuri da hannunsu su mayar da hannunsu, su ji zafin mantuwa. Aka ce Malam ya tsufa, kasuwa ba ta neman wannan. Ɗaya daga cikin mahalarta zaman har ya tambaye ni ko da allo da tawada za mu koma. Yau ga ɗalibansu nan sun zama malamai, ba su san nawa hoto ɗaya ke ci ba, suna goge aikin wanda ya sani.

Na ce wa yaron ya mayar da sashensa, ranar gabatar da aiki kuma ya ari wayar babansa ya ɗora wa malamin a tebur, da hotunan kwanduna ɗari biyu a ciki.