Molo bai tsufa ba, yayinsa ne ya ja baya

A bukukuwan aure na Yantala, a birnin Yamai, jita da piyano na lantarki ne ke cika kunne yanzu. Yara da yawa ba za su iya bambanta molo da gurumi ba, balle kuntigi, mai tsirkiya ɗaya, wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi.

Abin mamaki, dangin waɗannan kayan kiɗa sun daɗe da ƙetare teku. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera banjo na farko da ƙwarya da fata. A shekarun 1920 Amurkawa suka riƙa ɗora wuyan mandolin ko ukulele a jikinsa, yayin ya wuce, yau sai masana ke gane irinsu.

Nijar ta kusa yin irin wannan asara da biram, kayan kiɗan ƙabilar Buduma mai tsirkiya 5, sai da Malam Mamane Barka ya je Tafkin Cadi ya koyo shi. Ya rasu a 2018.

Cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya tana nan Yamai. Iyayen Yantala su kai yaransu su koyi molo.