Bakandamiya Ba Ta Aruwa

A wani bikin aure da na halarta a Ambursa, bayan an idar da sallar la'asar, wani saurayi ya kafa fiyanonsa a ƙarƙashin rumfa, ya danna maɓalli, kiɗa ya tashi. Tun kafin ya buɗe baki dattawan da ke kan tabarma suka gane inda aka dosa: Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata ce. Yaron yana da murya, kuma ya yi hadda. Bai tsallake ɗa ko ɗaya ba, har inda Shata yake jan numfashi a kaset, nan shi ma yake ja. Aka yi masa liƙi, ya tattara kuɗinsa. Ni kuwa na tashi da abu ya tokare mini a ƙirji, domin na ga ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana bugun gaba da yawon duniyar da bai yi ba, yana ja wa abokan hamayya kunne alhali sun riga mu gidan gaskiya tun ba a haife shi ba.

Wannan saurayi ba shi kaɗai ba ne. Ana jin irinsa a dandalin biki, da makon Hausa na manyan makarantu, da ɗakunan ɗaukar sauti na Kano da Kaduna, da gajerun bidiyon da ke yawo a wayoyi. Jama'a sun yarda cewa wannan raya gado ne. Ni ban yarda ba, kuma tarihin waƙar ne hujjata.

Manyan makaɗa biyu ne sunan Bakandamiya ya fi kamawa. Na farko Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu. A tasa Bakandamiyar ya juya kirari zuwa kansa, ya auna fasaharsa da ta sauran makaɗa, har ya kamanta zubin waƙarsa da na Alfazazi mai Ishiriniya. Na biyu Shata, haifaffen Musawa, mai kalangu, wanda bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba, ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba da ɗan kasuwa da soja. Suna ɗaya waƙoƙin suka tara, da manufa ɗaya, wato mawaƙi ya tsaya gaban duniya ya faɗi ko shi wane ne. Bayan haka komai ya bambanta: ganga daban, karin harshe daban, rayuwar da aka zuba a ciki daban. Wanda ya saurari ta Shata ba zai ji ana kwaikwayon Narambaɗa ba. Zai ji mutum yana ba da lissafin kansa.

Akwai kuma abin da masu hadda suke mantawa. Shata bai rera Bakandamiya sau ɗaya ya rufe ba. Ya yi shekaru yana ɗauke da ita daga taro zuwa taro, kuma duk wanda ya jera ɗauka biyu ko uku, ta faifai da ta gidan rediyo da ta kaset ɗin biki, zai ga amshi na nan daram amma 'ya'yan waƙar suna shiga suna fita. Yau ya ƙara gari, gobe ya sauke wani, jibi ya yi habaici ga wanda ya ɓata masa rai a makon. Tsawonta ma ya danganta da taron da nishaɗin mai ita. Ashe mutumin da ya fi kowa sake Bakandamiya shi ne Shata, kuma bai taɓa maimaita kansa baki da baki ba. Sai bayan rasuwarsa a 1999 waƙar ta daskare, aka ɗauki ɗauka guda aka mai da ita tamkar nassi. Abin da saurayin Ambursa ya haddace hoton yini ɗaya ne daga rayuwar waƙar da ta yi shekaru tana motsi.

Za a ce mini, ai waƙar baka da maimaici take rayuwa, kuma makaɗan Hausa sun daɗe suna gadon waƙa. Haka ne. Musa Ɗanƙwairo ya yi wa yayansa Kurna amshi kafin ya kama gabansa. Sani Aliyu Ɗandawo ya tashi a gindin kiɗan mahaifinsa, wanda ya yi wa sarautar Kabi a Argungu kiɗa kafin ya koma Yawuri. Amma me suka gada? Sun gaji ganga da salon zubi da sanin asalin gidajen sarauta, sannan suka yi wa mutanen zamaninsu waƙa. Da Ɗanƙwairo ya ƙare kwanakinsa yana maimaita bakin Kurna, da yau ba wanda zai san sunansa. Waƙar sarki ma tana iya wucewa daga uba zuwa ɗa, tun da gadon sarauta yana nan ko an sake mai hawa. Waƙar da mutum ya yi wa kansa kuwa ba ta da wannan ƙofa. Rigar da aka ɗinka da awon wani, ko an ara, a kafaɗa take tona asiri.

Abin mamaki, wannan ƙasa tamu ta daɗe da sanin hanyar mutunci ta taɓa waƙar wani. Sunanta tahamisi. Ishiriniyar da Narambaɗa ya ambata, yadda ake karanta ta a zaurukanmu, baitocin Alfazazi ne tare da ƙarin Ibn Mahib. Tabban Haƙiƙan kuwa Shehu Usmanu ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta juyo ta Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a kan waƙa ɗaya, kuma kowa an san inda nasa ya tsaya. Mai tahamisi yana barin baitin magabaci yadda yake, ya ɗora layuka uku nasa a kai, saboda haka dole ya zo da abin cewa, dole kuma ya iya tsayawa kusa da wanda ya fi shi ba tare da ya ji kunya ba. Mai kwafar kaset bai ɗauki ko ɗaya daga nauyin nan biyu ba.

Sai maganar ganga, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. Kalangu yana magana. Makaɗi yana matse tsirkiya a hammata ya saki, sauti ya hau ya sauka bisa karin Hausa, har mai kunne ya tsinci kalma a ciki. A wajen Shata, makaɗa da 'yan amshi suna bin numfashinsa, in ya tsawaita su jira, in ya yanke su tare. Fiyanon da ta mamaye waƙar Hausa tun shekarun 1990 ba ta jiran kowa. An ɗaure ta a kan bugu ɗaya mai zagayawa, mawaƙi ne ke bin ta. Kalmomin da aka haifa cikin zance tsakanin baki da fata, an tilasta musu tafiya bisa sahun inji, kamar dokin sukuwa da aka ɗaura wa amalanke.

Hakki kuma fa? Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ke nan ta Shata tana da sauran tafiya har 2069. Sau nawa mai ɗora ta a intanet yake neman iznin magada, ko ya ambaci makaɗan da suka yi gumi a bayanta? Duniya ta ga irin wannan. Solomon Linda na Afirka ta Kudu ya ɗauki Mbube a 1939, aka yi ta sake ta a Amurka da Turai ana tara dukiya, shi ya rasu a 1962 cikin talauci, iyalinsa ba su sami sulhu ba sai a 2006. Mu namu ma ya fi ciwo, domin ba baƙo ne ke ɗiba ba.

Ba zan ɗora wa samari laifin duka ba. Mu 'yan aji muna da kaso. Tun da Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975, har zuwa littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokansa, da Narambaɗa na Aliyu Muhammad Bunza, an yi aikin da ya cancanci godiya. Amma a ɗakin jarrabawa mun taƙaita Bakandamiya ga matani guda a takarda, muna ba ɗalibi maki in ya kawo shi daidai, muna rage masa in ya kauce. Mu muka koya masa cewa waƙar tana da siffa ɗaya. Da za a zaunar da aji a saurari ɗauka uku a jere, a tambayi me ya shiga, me ya fita, don me, da ɗalibi ya fita da sanin cewa abin koyi a wurin Shata shi ne ƙarfin halin faɗin kai da bakin kai.

Da na sami zama da saurayin nan bayan an watse, na tambaye shi me ya sa bai sa Ambursa a cikin waƙar ba, ko fadamar da ubansa ke noman shinkafa, ko daren da ya kwana a tashar Birnin Kebbi da fiyano a ka yana jiran mota. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wa zai yi mini liƙi a kan wannan?" Na ce masa ya gwada a biki na gaba, ni zan fara.