Mu Taru Mu Sauke Wa Juna Nauyin Bashi

Jama'a, ku saurara. A kowace unguwa tamu a yau akwai magidancin da yake sauya hanya don kada ya bi ta ƙofar mai shago, saboda sunansa ya cinye shafi biyu a littafin bashi. Akwai matar auren da gabanta yake faɗuwa duk lokacin da wayarta ta yi ƙara. Akwai ɗan adaidaita sahun da yake fita tun asuba ya dawo bayan isha, ya ware kuɗin mai, ya ware balas ɗin mai mashin, abin da ya rage a tafin hannunsa bai kai kuɗin kwanon masara ba. Sahu ɗaya muke yin salla da su, tabarma ɗaya muke zama a wajen suna da ta'aziyya, amma kowa ya haɗiye nasa yana murmushin dole. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, in yana cikin kowa, don me kowa zai riƙa fama da nasa shi kaɗai a ɗaki cikin dare?

Ba lalaci ne ya kai yawancin mutanen nan ga wannan hali ba. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin shekarar, amma kafin ta ƙare buhun shinkafa ya fi wannan kuɗi tsada a kasuwanni da dama. 'Yan uwanmu na Nijar su ma sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka yi tashin gwauron zabi daga Maraɗi har Damagaram. Haƙƙinmu ne mu ci gaba da tuhumar masu mulki a kan wannan, kuma ba za mu daina ba. Sai dai tukunyar daren yau ba za ta jira kasafin kuɗin baɗi ba.

Ku duba waɗanda suke jiran mutum in ya keɓe shi kaɗai. Ga manhajojin bashi na waya: cikin minti biyar kuɗi sun shigo, ba jingina ba shaida, amma ka riga ka ba su izinin shiga jerin lambobin da ke wayarka. Mako guda ya cika, ruwa ya hau, sai saƙo ya isa ga surukinka da limamin unguwarku da shugabanka a wurin aiki, ana kiranka ɓarawo. Abin ya yi munin da a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, ta kuma tilasta musu rajista, amma har gobe ana cin mutuncin mutane. Ga ba-da-kaka a ƙauyuka, inda manomi yake karɓar kuɗin taki ko buhun hatsi da damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, a kan zai biya ninki in an yi girbi; yana sussuka, mai bashi yana tsaye da buhunansa a bakin gona. Ga kuma masu alkawarin ninka kuɗi. MMM ta rufe da dukiyar jama'a a watan Disambar 2016, aka yi kuka aka share hawaye, sai ga CBEX a watan Afrilun 2025 ta maimaita wannan ta'asa, kuma cikin waɗanda abin ya shafa har da masu cin bashi su zuba. Duk waɗannan da abu ɗaya suke cin kasuwa: kunyar da take hana mutum ya buɗe baki ya gaya wa ɗan'uwansa halin da yake ciki.

Alhali mu ba baƙin taimakon juna ba ne. Kakanninmu da gayya suke nome gonar da ta fi ƙarfin mai ita. Iyayenmu mata da adashi suka sayi akuya, akuya ta zama saniya, suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki ba tare da sun taka ƙofar banki ba. Kuma ku ji wannan, domin abin alfahari ne da da yawa daga cikinmu ba su sani ba: tsarin ƙungiyoyin tanadi da rance na ƙauye da ake yi yanzu a ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya, a ƙasar Hausa aka haife shi. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta zauna da matan karkara suka gina shi a kan adashin da suka gada, suka raɗa masa suna Mata Masu Dubara. Ba wanda ya kawo musu jari daga waje. Kuɗinsu ne, na ƙuli-ƙuli da fura da saƙar tabarma.

Ku kalli yadda irin wannan zama yake gudana. Mata ashirin ko fiye sun yi da'ira a inuwa, ranar da suka saba a kowane mako. A tsakiya ga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu yake kwana, ita ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Ana kiran suna, mai suna ta taso ta ajiye zubinta a faranti, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi, a faɗi jimla kowa ya ji, a rubuta. Gefe guda akwai 'yar jaka ta daban, ta taimakon gaggawa, wadda kowa take jefa ɗan abin da aka yanke, don ranar da yaro zai kwana da zazzaɓi ko gobara ta tashi. Mai son rance ta faɗi a bainar jama'a abin da za ta yi da shi da ranar da za ta biya. Shekara ta kusa zagayowa a fasa, a raba, kowa ta ɗauki gwargwadon abin da ta zuba. Wace dabara ce a nan da ta fi ƙarfin majalisar mai shayi, ko 'yan layi ɗaya a kasuwar Kwari, ko malaman makarantar firamare guda?

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya: an sha cin amana a adashi. An ga uwar adashin da ta tattara zubin mutane ta yi ɓatan dabo. An ga wanda ya yi ɗaukar farko, daga nan ƙafarsa ta ɗauke. An ga zumuncin shekara talatin ya mutu a kan kwasa ɗaya. Amma ku bincika, kusan duk inda haka ta faru za ku tarar kuɗi a hannun mutum ɗaya suke, ba rubutu, ba shaida, an dogara da "ai mun san juna". Mu da aka saukar mana da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu, mu ne kuma muke jin nauyin cewa a kawo takarda. Rubutu ba zargi ba ne. Shi ne yake barin aboki ya ci gaba da zama aboki bayan kuɗi sun shiga tsakani. Wanda zai yi ɗaukar farko ya kawo mai tsaya masa. In ta waya ake turo zubi, a tura shaidar biya inda kowa zai gani. Kada a wuce adadin mutanen da za a iya sanin gidan kowannensu.

Akwai kuma matsalar da iyayenmu ba su sha fama da ita kamar mu ba. Idan farashi yana gudu haka, wanda ya yi kwasar ƙarshe a adashin wata goma sha biyu ya karɓi adadin da na farko ya karɓa, amma abin da kuɗin za su saya ya ragu ƙwarai. Saboda haka a gajarta zagaye. Ko kuma a mayar da wani kaso ya zama kaya: da kaka, lokacin da hatsi yake araha a Dawanau da kasuwannin ƙauye, ƙungiya ta sayi buhunan gero da masara da wake ta adana, da bazara ta sayar wa 'ya'yanta a farashi mai sauƙi, ko ta ranta musu buhu a mayar da buhu. Da wannan kaɗai an toshe ƙofar da mai ba-da-kaka yake shigowa. Ribar ƙungiya ta fito daga saye da sayarwa, ba daga kuɗin ruwa a kan ɗan'uwa ba.

Yanzu ga abin da nake roƙonku da babbar murya. Kada mu tsaya a adashin sayen atamfa da sabuwar waya. Mu kafa adashin kashe bashi. Mutum goma da suka yarda da juna su zauna, a rufe ƙofa, a yi alkawarin abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Kowa ya faɗi gaskiyar abin da ake binsa: nawa ne, wa yake bi, akwai ruwa ko babu, yaushe ne wa'adi. Wannan zama na farko shi ne mafi wuya, za a ga dattijo yana share gumi kafin ya furta adadin. Amma da ya furta, rabin nauyin ya sauka, domin ya ji na kusa da shi ma yana ɗauke da irinsa. Sai a jera basussukan. Wanda ruwa yake hawa kansa kullum shi ne farko, ko da mai shi ne ƙarami a cikinku. Ba ƙuri'a za a jefa ba, ba kuma girma za a bi ba. Ranar kwasa kada a damƙa wa mutum kuɗin ya sa a aljihu, don a gida buƙatu goma suna jiransa. Mutum biyu su raka shi wurin mai bin bashin, a biya a gabansu, a soke sunan a littafi suna kallo. In bashin ya fi kwasa ɗaya, su nema masa rangwame da sabon wa'adi. Mai bin bashin da zai yi wa mutum ɗaya tsawa yakan sassauto in ya ga mutum uku masu mutunci sun yi sallama a ƙofarsa. Sharaɗi ɗaya ne tak: wanda aka fitar ba zai sake cin wani bashi ba sai ya shawarci 'yan zaman, kuma zai ci gaba da zubi har a fitar da na ƙarshe.

Alhazai masu shaguna da masu hannu da shuni, ku buɗe littattafanku. A ciki akwai sunan wanda kun san ko za a yanka shi ba shi da abin biya. Allah Ya yi umarni a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, Ya kuma ce yafewa ta fi alheri. Ku kira shi ku yafe, ko ku rage, kuma ku gaya masa da bakinku don ya samu barci. Kai kuma da kake da halin biya amma kake ja wa mai shago rai, kana sauya mota kana ce masa sai wani watan, ka sani Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira wannan zalunci. Irinka ne suke sa a hana mabuƙaci na gaskiya rance.

Malamanmu, Allah Ya gafarta muku, mabarta, wato waɗanda bashi ya yi wa katutu, suna cikin kashi takwas na masu cin zakka da aka lissafa a Suratut Tauba. Sau nawa muke jin an tuna da su a huɗuba? An taɓa kawo gawa gaban Annabi, da ya ji ana bin mamacin bashi sai ya ce sahabbai su sallace shi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya yi masa salla. In al'amarin ya kai haka, bai kamata kwamitin masallaci ya tara kuɗin tayil da fanka ba alhali mai salla a sahun farko yana kwana da bashin asibitin matarsa. A ware asusu a kowane masallaci, a sa amintattu uku a kai, a riƙa biya a asirce ba tare da an kira sunan kowa a lasifika ba. 'Yan uwanmu Kirista, ku ma ku yi haka a majami'unku, yunwa da bashi ba su tambayar addinin kowa.

Iyayena mata da 'yan uwana, ku ne kuka riƙe adashi tun fil azal, ku ne kuma za ku iya kashe abin da yake cinye shi. Anko kala uku a biki ɗaya, lefen da sai an ci bashi a cika akwatunansa, garar da take sa uba ya sayar da gona, gudunmawar da ta koma gasa, wadda in an kawo miki dubu goma dole ki mayar da ashirin ko a yi da ke. Mace ɗaya ba za ta iya karya wannan ba, za a ce ta gaza. Amma in ku ashirin kuka yanke a zamanku cewa anko ɗaya ne, gudunmawa kuma gwargwadon hali, ba mai bakin da zai yi muku gori.

Matasa, wayar da take hannunku ta isa ta riƙe lissafin ƙungiya guda. Ku zama marubutan zaman iyayenku da ba su yi boko ba, ku karanta musu sharuɗɗan duk wata takardar rance kafin su dangwala yatsa, ku goge manhajojin nan daga wayoyin gidanku.

Kada ku jira wata ƙungiya ta zo daga Abuja ko Yamai da mota da takardu. Juma'ar nan, in an sallame, ka tsayar da mutum tara da ka yarda da su a ƙofar masallaci. Ke kuma ki aika a kira maƙwabtanki bayan la'asar. Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi da biro, ku sa maƙeri ya haɗa muku akwati mai kwaɗo uku, ku yanke zubin da mafi ƙarancin ƙarfi a cikinku zai iya, ko naira 500 ce a mako. Sannan wanda ya kira zaman shi zai fara faɗin abin da ake binsa.