Keken ne zai ba shi abinci?

Ranar Lahadin da ta wuce na je gidan wani ɗalibina a nan Madina, don in roƙi mahaifinsa alfarma guda: ya bar yaron ya riƙa bin mu atisayen keke zuwa Aburi ranar Asabar. Yaron shekararsa goma sha biyar, bana zai rubuta BECE. Kullum kafin ya shigo aji sai ya raba wa mahaifiyarsa burodi shago-shago a kan wani tsohon keke mai giya ɗaya, kwali a baya, leda a gaba. Na taɓa bin bayansa a wani hawa da ke kusa da makarantarmu, ni da kekena mai giya ashirin da ɗaya, wallahi ban kamo shi ba.

Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ticha, ni na ɗauka maganar jarrabawa ce ta kawo ka. Keke kuma? Keken ne zai ba shi abinci?"

Na ce, "Baba, ba na jin zai ba shi."

Ya dube ni kamar wanda ya zo talla yana kushe hajarsa. Amma gaskiyar ke nan, kuma da ita nake son in fara. Cikin yara ɗari da za su hau keke, da wuya a samu ɗaya da zai ci abinci da tsere. Duk da haka ina nan a kan bakana cewa mu mutanen zango muna tafka asara da muke ɗaukar keke abin yara ko abin wanda bai samu kuɗin babur ba.

Tukuna dai, mene ne wannan wasa? Tseren keken dutse mai dogon zango ba a kan kwalta ake yin sa ba. Hanyar gona ce, da kwazazzabo, da tsakuwa, da saiwar itace, mutum ya yi awa huɗu ko shida ko fiye a kan sirdi. Wanda ya fi suna a nahiyarmu shi ne Cape Epic na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 2004. Kwana takwas ake yi, tafiyar ta kan kai kilomita 600 zuwa 700, hawan da ke cikinta in an tara ya kai wajen mita 15,000. Dutsen Afadjato da muke koya wa yara a aji mita 885 ne, to lissafa, kamar a hau irinsa sau goma sha bakwai cikin mako guda. Abin da ya fi burge ni a dokarsu shi ne ba a shiga mutum ɗaya. Biyu-biyu ake yi, kuma ba a yarda ka tsere wa abokin tafiyarka da fiye da minti biyu ba. In ya gaji, ka gaji ke nan. In tayarsa ta fashe, tare za ku durƙusa ku yi faci.

Wanda ya sa na fara kula da wannan harka wani ɗan Ruwanda ne, Adrien Niyonshuti, Musulmi daga garin Rwamagana, a ƙasar da Musulmi ba su ma kai mu yawa ba. An haife shi a 1987. A kisan ƙare-dangi na 1994 ya rasa 'yan'uwansa maza shida. Ya tashi yana hawan keken da ya samu a hannun kawunsa, har aka ɗauke shi cikin tawagar ƙasa. A 2007 ya shiga Cape Epic, a 2012 kuma shi ya riƙe tutar Ruwanda a gasar Olamfik ta Landan, ya yi tseren keken dutse ya kai ƙarshensa. Bayan nan ya koma garinsu ya buɗe makarantar koyar da yara keke. Ƙasar tasu ce a watan Satumban 2025 ta karɓi gasar keken kwalta ta duniya a Kigali, karo na farko da aka yi ta a Afirka. Yanzu a ce yaron Madina ko Nima ko Aboabo da ke dakon kaya a keke tun yana ɗan shekara goma ƙafarsa ba ta kai ta yaron Rwamagana ba? Ban yarda ba.

Sai dai ƙafa ita kaɗai ba ta kai mutum. Wannan a jikina na koya.

Shekara biyu da suka wuce na shiga wani tsere na kilomita 70 da wasu mahaya suka shirya a tsaunukan Akwapim. Na je da girman kai irin na wanda ya saba hawa daga Ayi Mensah zuwa Peduase ba tare da ya sauke ƙafa ba. Aka busa usur, na fita kamar an koro ni, na wuce mutanen da suka fi ni keke da kaya, ina ta dariya a zuci. Ban ci komai ba tun kokon asuba. Ruwa kuwa gora ɗaya na ɗauka, don an ce akwai wurin sha a tsakiya. Da na isa, wai ya ƙare. Wajen kilomita 45 sai jikina ya mutu murus. Ba ciwo ba ne, ba kuma haki ba. Ƙafar ce kawai ta ƙi, idona na ganin hanya biyu, na zauna gindin wani koko ina tunanin wa ya aike ni. Wani dattijo da na wuce tun da safe, mai furfura, ya iso a hankali, ya tsaya, ya miƙo min ayaba biyu da ruwan leda, ya ce in ci in jira minti goma. Bai ƙara ko kalma ba ya tafi. Na gama tseren cikin na ƙarshe-ƙarshe, ana naɗe tanti.

Daga baya na fahimci abin da ya same ni, kuma ilimi ne da ya kamata a ce ina koyar da shi a darasin kimiyya. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce aikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki da ƙarfi. In ya ƙare, ya ƙare, ko kai waye. Shi ya sa masu dogon tsere ke ci tun ba su ji yunwa ba, wajen giram 60 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa, wasu har 90. Ayaba matsakaiciya tana da kusan giram 25. Dabino, burodi da zuma, dafaffiyar doya, duk suna yi, ba sai an sayi wani abin leda daga Turai ba. A zafin nan namu kuma ana son ruwan leda ɗaya zuwa biyu a awa, da ɗan gishiri. Shi atisayen ma ba kamar yadda samarinmu ke zato ba ne, kullum a fita a kashe kai. Yawancinsa tafiya ce a hankali, wadda za ka iya hira da na gefenka ba tare da numfashinka ya yanke ba, a daɗe ana yi. Rana ɗaya ko biyu a mako ake matsawa a kan hawa. Ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ana ware ranar hutu, ana barci da wuri. Wata uku ko huɗu a haka kafin mutum ya tunkari kilomita 70.

To a nan ne amsar da ban iya ba Baba ba a zauren nan. Yaron da ke son ya gama irin wannan tsere dole ya koyi lissafin lokacinsa da cikinsa da kuɗinsa. Dole ya kwanta ƙarfe tara, don ƙarfe biyar yana kan hanya. Dole ya iya gyaran sarƙa da burki da hannunsa. Ni malami ne, shekara goma sha ɗaya ina fama da yara, kuma abin da ya fi kayar da su a jarrabawa ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ba ne, rashin iya daɗewa a kan abu ɗaya ne. Ban ga abin da ke koyar da daɗewa kamar hawan da ba ka ganin ƙarshensa ba.

Sannan mu daina yi kamar ba mu san inda yaran ke zuwa ba in ba su hau keke ba. Kowa a zango ya san bes ɗin da ake shan ataya kawai, ya kuma san wanda ake haɗawa da tiramol. Hujjar masu sha ita ce wai yana ba da ƙarfi, yana kashe gajiya. Masu keke sun san wannan ƙwaya sarai. Hukumar keke ta duniya, UCI, ta hana ta a gasa tun Maris 2019, hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta bi sahu a Janairun 2024. Nairo Quintana na Kolombiya, wanda ya zo na shida a Tour de France na 2022, an soke sakamakonsa ɗungurungum saboda ita. Ina son yarona ya ji wannan labari daga bakin mahaya, a kan hanya, ya ga cewa a wajen masu ƙarfin gaske shan ta abin kunya ne. Wa'azina a aji ba ya kai nan.

Akwai masu cewa addini. Na ji wannan daga abokan aikina, kuma ban raina maganar ba. Tsere dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, an yi na dawaki da na raƙuma tun zamanin Manzon Allah (SAW). Abin da ke damun mutane uku ne: kaya, salla, azumi. Matsattsen wandon nan da ke nuna surar mutum, ni ma ba na fita da shi haka nan. Sa'ar da aka yi, masu keken dutse da yawa dama wando mai faɗi suke ɗorawa a kai, nawa har ƙasan gwiwa yake, tela ya ɗinka min a kasuwar Madina. Salla kuwa, muna fita bayan asuba mu dawo kafin azahar. Ranar tsere in lokaci ya kama ni a hanya ina sauka in yi, minti goman da zan rasa ba kofi za ta hana ni ba. Azumi ne mai wuyar. Cape Epic na 2024 da na 2025 duk cikin Ramadan suka faɗo, kuma babu wanda zai ɗage gasa dominmu. Hukuncin wanda ya yi tafiya don gasa na malamai ne, ba nawa ba. Amma atisaye a gida, ban ga dalilin da zai sa a sha azumi dominsa ba. Ni na kan rage: awa ɗaya a hankali gab da shan ruwa, ko in fita bayan tarawi da fitila. Yaro kuma ba na barin sa ya yi doguwar tafiya da rana yana azumi, ko ya roƙe ni.

Inda masu suka suka fi ni gaskiya shi ne kuɗi da haɗari. Keken da manyan mahaya ke hawa ya fi albashina na shekara. Nawa hom-yus ne, na biya shi sau uku, kuma sarƙa da taya da robar burki kullum suna cin aljihu. Ba zan ce wa uban da ke neman kuɗin makaranta ya sayi wannan ba. Abin da nake cewa, masu hali a cikinmu da ke saya wa ƙungiyoyin ƙwallo riguna duk Salla, su gwada sayen kekuna biyar masu ƙwari da hular kwano goma, a ajiye a hannun wani amintacce, yara su riƙa karɓa suna mayarwa. Haɗari kuma gaskiya ne. Sule Kangangi na Kenya, gwani ne da ya fi mu sanin hanya nesa ba kusa ba, ya rasu a wani tsere a Amurka a watan Agustan 2022 bayan ya faɗi. Allah ya jiƙansa. A nan gida ma abin tsoron ba dutsen ba ne, direbobin torotoro ne tsakanin Adenta da Ayi Mensah. Saboda haka dokarmu ba ta da sassauci: ba hular kwano, ba tafiya, yaro ba ya fita shi kaɗai, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Wata malama a makarantarmu ta tare ni kwanaki, ta ce, "Malam, duk maganarka samari, samari. 'Yan matan fa?" Na yi shiru, don ta kama ni. A Tamale da Bawku mata na hawan keke zuwa kasuwa da gona ba wanda ya ɗaga kai, mu ne a Akara muka mai da shi abin magana. Ta ce in an samu keke ita za ta jagoranci nata rukunin, da hijabinsu da dogon wandonsu. Na ce mu fara samun keken.

Shi kuwa Baba, da zan tafi ya rako ni har bakin ƙofa. Ya tambaye ni ƙarfe nawa muke dawowa, na ce kafin sha ɗaya. Ya tambayi wa zai biya in keken burodin ya lalace, na ce ba da shi za a je ba, zan ara masa na ƙanena. Ya ce to sai ya ga sakamakon jarrabawar gwaji tukuna, in lissafi ya haura hamsin, ya ji. Yaron yana bayan labule yana jin mu. Ranar Litinin shi ya fara kawo min littafin aikin gida, abin da bai taɓa yi ba tun da aka buɗe makaranta. Uku daga cikin goma ya ci daidai. Saura mako shida a yi gwajin, hular kwanon da na ajiye masa tana cikin durowar tebur ɗina.