Lafiya Uwar Jiki: Idan cuta ta ɓuya bayan cuta

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Wannan magana ce za ta zame mana jagora a wannan fitowa, domin muna so mu tattauna kan cututtukan fata guda biyu da ke kama da juna, wani lokaci ma su taru a jikin mutum ɗaya: kuturta da gyambon da likitoci ke kira leshmaniya.

Kuturta dai mun san ta tun kaka da kakanni. Ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, wadda likita Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873. Ana ɗaukarta ta numfashi, bayan doguwar cuɗanya da wanda bai fara shan magani ba, kuma takan yi shekara 5, wani lokaci har 20, kafin ta bayyana. Ba gado ba ce, ba sammu ba ce.

Shi kuwa gyambon leshmaniya, wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba ke kawo shi. Yana cizo daga faɗuwar rana zuwa asuba, kuma a yankinmu yakan kwaso cutar daga ɓerayen daji. Wurin cizon ya fara da ƙurji, sannan ya buɗe ya zama gyambo mai tudun baki, galibi a fuska, hannu ko ƙafa. Ba baƙo ba ne a wurinmu: tun 1911 aka ba da labarinsa a Damagaram, kuma a shekarun 1990 ya addabi birnin Wagadugu har aka laƙaba masa sunan unguwar Ouaga 2000.

To, ina haɗin biyun? Dukansu sun fi yawa a ƙasashe masu zafi, cikin talakawa, kuma dukansu suna fakewa cikin ƙwayoyin jikin da aikinsu shi ne kashe cuta. A Habasha akwai nau'in leshmaniya mai fesa kumburi a fuska da jiki, wanda aka sha ɗauka kuturta ce. A Sudan da Indiya, tabbai kan fito wa wanda ya warke daga kala-azar, wato leshmaniyar da ke kama saifa da hanta, su ma su rikita mai dubawa. Likitoci a Brazil da Indiya da Habasha sun kuma ga marasa lafiya ɗauke da cututtukan biyu lokaci guda. Abin ba shi da yawa, amma yana faruwa.

Nan haɗarin yake. Maganin kuturta haɗin ƙwayoyi uku ne da ake sha wata 6 ko 12, kuma kyauta ake ba da shi tun 1995 ta hannun hukumar lafiya ta duniya, OMS. Ba don leshmaniya aka yi shi ba. Ita nata daban ne, yawanci allura. Mutum zai yi ta shan magani, gyambo ɗaya ya ƙi warkewa, sai ya yanke ƙauna ya watsar da ƙwayoyin. Daga nan kuturtar ta samu sarari ta ci jijiyoyi, kuma yatsan da ya tafi ba ya dawowa.

Akwai alama guda da kowane gida zai iya riƙewa. Tabon kuturta kan dusashe ko ya yi ja-ja, kuma wurin ya mutu: a shafa masa auduga, mai shi ba zai ji ba. Gyambon leshmaniya ba ya kashe ji. Sai dai hukuncin ƙarshe na likita ne, wanda zai kankari fatar ya duba da madubin likita.

Saboda haka muna kira ga iyaye mata da magidanta: tabon da ba a jin taɓawa a kansa, ko gyambon da ya wuce makonni bai warke ba, a kai shi asibiti, kada a rufe shi da mayafi don gudun surutun maƙwabta. Wanda ke shan maganin kuturta, in sabon gyambo ya fito masa, ya koma ya nuna, amma kada ya daina sha. Mu kuma kada mu ware masa kwano: da zarar ya fara magani, ya daina yaɗa cutar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai fitowa ta gaba.