Gidan da Muka Saya da Laifin da Muka Gada



Akwai wani dattijo a cikinmu, ba za mu kama suna ba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a makarantun firamare. Da kuɗin sallamarsa suka fito, ya ce ya gaji da zaman haya. Dillali ya kai shi wani gida a bakin babban titi, ɗaki uku da zaure, ga shaguna biyu a gaba sababbi fil. Shagunan nan ne suka ja hankalinsa, domin ya lissafa cewa kuɗin hayarsu zai riƙe shi da mai ɗakinsa duk watan da fansho ya yi jinkiri. Aka yi ciniki a gaban mai unguwa, shaidu suka sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. Mu da kanmu muka je muka yi addu'ar keɓe gidan, zumuntar mata suka yi waƙa, aka ci shinkafa aka watse. Ba a rufa shekara biyu ba aka wayi gari da jan fenti a jikin shagunan. Ashe mai gidan na farko ya tura katangarsa cikin hurumin titi, ya gina shagunan bai nemi izinin kowa ba. Ranar da katafila ta zo, wanda ya yi ginin yana wani gari yana juya kuɗinsa. Dattijonmu ne ya tsaya a rana yana kallo.

Da muka je jaje, wasu suka ce ai tsanani ne, don shi Kirista ne aka yi masa haka. Mun san tsanani, ba labari aka ba mu ba. Amma a wannan karo ba shi ba ne, domin a layin nan an rushe na maƙwabtansa Musulmi ma. Abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu shi ne, a cikin dukanmu da muka taru muka ce amin, babu wanda ya ce a nuna masa takardar izinin ginin shagunan. Mu fastoci mun iya bincike idan saurayi ya zo neman aure, har ƙauyen kakanninsa muna aikawa. Amma ɗan'uwa zai zuba gumin shekara talatin a gida ɗaya, iyakacinmu mu ce Allah ya sa albarka.

Garuruwan nan namu sun canza. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 Jega take faɗaɗa saboda kasuwa da mahaɗar hanyoyi. Aliero, wadda a da aka san ta da albasa da masu ɗori, ta samu jami'a a 2006, sai kowane mai gida ya ga kuɗi a ɗakin haya. Aka riƙa toshe tsakar gida da ɗakuna, aka gina a kan lambatu, aka haƙa masai a gefen rijiyar maƙwabci, wasu ma suka ɗora bene a kan harsashin da aka yi don gidan ƙasa. A Maiyama kuwa bakin titin da ya nufi Koko da Yawuri shi ne abin so. Irin waɗannan gidaje su ne suke zuwa kasuwa, kuma mu baƙi, ma'aikata da 'yan kasuwa da mutanenmu na ƙasar Zuru, mu muka fi saurin saye, don muna tsoron kada mai gida ya ji ko mu su wane ne ya fasa.

Ya kamata kowane dattijon ikilisiya ya san abu biyu da mutane suke haɗawa, alhali kowanne da hanyarsa. Na farko mallakar fili. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A yankin da aka ayyana birni, gwamna ke ba da izinin zama, wanda shaidarsa ita ce takardar da kowa ke kira C of O. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ke bayarwa. Dokar ta ce ba a sayar da wannan izini sai da yardar wanda ya ba da shi, kuma cinikin da aka yi ba da wannan yarda ba, banza ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda banki guda ya rasa jinginarsa don babu sa hannun gwamna. Idan banki mai lauyoyi ya faɗi a nan, ina ga malamin firamare? Takardar mai unguwa tana da amfaninta, tana nuna an yi ciniki a fili ba a ɓoye ba, kada kowa ya rena ta. Amma ba ta maye gurbin ta hukuma.

Na biyu izinin gini, kuma a nan ne dattijonmu ya faɗi. Mutum yana iya mallakar fili da takarda mai kyau, duk da haka abin da ya ɗora a kai ya zama haramtacce. Tun dokar tsara birane ta 1992 ƙa'idar ita ce a kai zanen gini a amince da shi kafin a sa bulo, kuma ƙarin ɗaki, ko bene, ko mai da gidan zama wurin wata hidima, duk gini ne a idon doka. A 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari aikin jihohi ne, saboda haka mu a nan hukumar raya birane ta jiha, wato KUDA, da ma'aikatar filaye a Birnin Kebbi da ofishin filaye na ƙaramar hukuma su ne wuraren tambaya. A titin gwamnatin tarayya, irin wanda ya ratsa Jega da Maiyama, hurumin hanya ƙafa 150 ne daga tsakiyar titi ta kowane gefe. Kowa ya je da igiyar awo ya gwada, zai yi mamakin yawan shagunan da suke ciki. Abin da ya fi ciwo, laifin yana bin ginin ne, ba ya bin wanda ya gina. Ranar da hukuma ta zo, wanda ta tarar a gidan shi take miƙa wa takarda, kuma kada ya sa rai da diyya a kan abin da tun farko ba a yarda a gina ba.

Wani zai ce wannan duk boko ne, mu masu bangaskiya ne. To, mu buɗe Irmiya sura 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin yana tsare, Ubangiji ya ce masa ya sayi gonar ɗan'uwansa a Anatot. Ga umarnin Allah a hannunsa, duk da haka ya auna azurfa shekel 17 a ma'auni, ya rubuta takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu, ya sa aka adana takardun a tukunyar ƙasa don su daɗe. A Kubawar Shari'a 22:8 kuma an umarci mai sabon gida ya yi wa rufin soronsa ƙaramar katanga, don kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan. Ashe dokar gini ta girmi Turawa, kuma dalilinta ran mutum ne.

Yanzu bari mu taɓa wurin da yake mana zafi. Dukanmu mun san wahalar da ikilisiya take sha kafin ta sami fili ko izinin gina majami'a a wannan yanki. Takarda takan shiga ofis ta kwana shekaru. Wani mai filin yakan rubuta a yarjejeniya cewa ba a yarda a yi coci a wurin ba. Saboda haka muka koyi wata dabara: a sayi gidan zama da sunan wani dattijo, a rushe bangayen ciki, a ƙara rumfa a baya, ranar Lahadi a shiga sujada. Ba mu zo mu yi wa kowa dariya ba, domin wasunmu a irin waɗannan ɗakuna aka yi mana baftisma. Tsarin mulki na 1999 yana tare da mu: sashe na 38 ya ba mu 'yancin sujada, na 43 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar gida a ko'ina a Nijeriya. Hana mu izini zalunci ne, za mu ci gaba da faɗa a gaban kowa.

Amma dabarar nan tana da farashi. Bangon da aka cire, wani lokaci shi ne yake ɗauke da rufin. Gidan da aka yi don iyali ɗaya, da ƙofa ɗaya, yanzu mutum ɗari da yara suna ciki, ga ganga, ga rawa. Ranar 12 ga Satumba 2014 masaukin baƙi na cocin Synagogue a Legas ya rufta, mutum 116 suka mutu, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu da suka zo neman albarka. Ana ƙara benaye ne a kan ginin, kuma binciken kotu a 2015 ya gano ba a sami izinin gini ba. Addu'a ba ta yi ƙaranci a wurin nan ba. Idan har tilas ta sa muka taru a gidan zama, to mu biya injiniya na gaske ya duba harsashi da ginshiƙai kafin birkila ya ɗaga guduma, a kuma buɗe ƙofa ta biyu. Kuɗinsa bai kai na sabuwar lasifika ba, wadda ba mu taɓa jin kwamiti ya yi gardama a kanta ba.

Sa'an nan ga maganar suna. Dattijon da aka saya da sunansa mutum ne, zai mutu. 'Ya'yansa za su zo da takarda, kuma a gaban alƙali takardar ce za ta yi magana, ba littafin baiko ba. Kowace ɗarika tana da amintattu masu rajista, da sunansu ya kamata dukiyar ikilisiya ta zauna, ko aƙalla a rubuta a gaban lauya cewa dattijon riƙon amana yake yi. Kuma ko mun san za a ƙi, mu rubuta neman izini, mu karɓi shaidar cewa an karɓa, mu ajiye kwafi a ofishin CAN. Ikilisiyar da take da fayil na shekara biyar tana roƙo tana da bakin magana a gaban gwamna da kotu. Wadda ba ta taɓa nema ba, ita da kanta ta miƙa sanda. Maƙwabcinmu da ya gina shago a kan lambatu yana da kawu a fada da suruki a sakatariya. Mu ba mu da su.

Ga wanda yake shirin saye, kada ya biya a ranar da ya gani. Ya karɓi kwafin takardar fili da zanen da aka amince da shi, ya zaga gidan da zanen a hannu yana ƙirga ɗakuna. Duk abin da ido ya gani amma babu shi a takarda, ya tambayi wanda ya gina da shekarar da aka gina. Ya kai safiyo ya nemo duwatsun iyaka. Ya gai da maƙwabta, ya tambaye su inda ruwa yake bi da damina, domin wanda ya ga ambaliyar 2020 a jihar nan ya san ruwa ba ya manta hanyarsa. Idan ƙarin ginin mai gyaruwa ne a takarda, mai sayarwa ya gyara kafin a biya, ko a rage kuɗin. Idan a kan titi ne ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, a yi ciniki kamar babu shi. Dillalin da ya ce akwai wani Alhaji da zai biya gobe, a ce masa Allah ya ba Alhaji sa'a.

Akwai kuma 'yan'uwa a cikinmu da suka riga suka gane gidansu yana da irin wannan aibi, suna neman wanda za su sauke wa kayan, kuma sun san wanda ya fi saurin yarda da su shi ne wanda suke cin Jibin Ubangiji tare. Idan irin wannan ciniki ya zo gaban dattawa, kada a ce harkar kasuwa ce ba ruwan ikilisiya. A kira mai sayarwa a zaunar da shi ya faɗi abin da ya sani.

Muna roƙon sakataren kowace ikilisiya ya buɗe akwati a wannan wata, ya fito da takardun majami'a da na gidan fasto, dattawa su zauna su karanta su da ido, su ga da sunan wa suke, su kuma gwada su da ginin da yake tsaye. Dattijon da muka ba da labarinsa ya ce duk kwamitin da yake so, zai zo ya raka su ofishin filaye, domin yanzu ya san kowace ƙofa a wurin.